Ƙaura daga Zariya zuwa wani sashe na ƙasa bayan an haura shekara arba'in: tambayoyi da amsoshi

Tun da na dawo Zariya bayan shekara bakwai da na yi ina aiki a Fatakwal, da wuya mako ya wuce ba tare da wani magidanci ya tare ni da maganar ƙaura ba, ko dai a ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i ko a wurin ɗaurin aure. Wani an canja masa wurin aiki zuwa Abuja, wani kasuwa ce ta ja masa baya a Sabon Gari yana tunanin komawa Legas, wata kuma mijinta ne ya samu aiki a Ibadan ta aiko a tambayar mata halin makarantun yara. Ina da shekara 46 lokacin da na tafi, da mata ɗaya da 'ya'ya biyar da mahaifiya a raye, saboda haka na tattara tambayoyin da aka fi maimaita mini, na amsa su gwargwadon abin da na sani da abin da ya same ni.

Wane bambanci ke tsakanin ƙaurar matashi da ta mutumin da ya manyanta?

Matashi jakarsa kawai yake saɓawa, idan wuri bai karɓe shi ba ya juyo gida, babu wanda ya yi asara sai shi. Magidancin da ya kai arba'in da biyar kuwa ya riga ya zama ginshiƙin da mutane da yawa suka jingina da shi, kuma akasarinsu ba sa shiga lissafin da yake yi a takarda: ƙanwarsa da aurenta ya mutu ta dawo gida, 'ya'yan marigayi wansa da yake biya wa kuɗin makaranta, almajirin da ke karɓar tuwon dare a zaurensa, da maƙwabcin da ke ƙwanƙwasa masa ƙofa idan naƙuda ta kama matarsa da tsakar dare. Shi ma haka yake jingine da wasu ba tare da ya lura ba, domin yana da mai shagon da ke ba shi bashin shinkafa har ƙarshen wata, da makanikin da ba ya ha'intarsa, da surukar da ke riƙe yara idan uwarsu ta fita. Duk waɗannan ya same su ne saboda shekara ashirin da ya yi yana halartar suna da jana'iza, kuma a baƙon gari kowane ɗaya daga cikinsu kuɗi zai koma. Wanda ya kwatanta tsohon albashinsa da sabo kawai ya yanke shawara bai yi rabin lissafin ba.

Akwai kuma batun lokaci. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, don haka wanda ya tashi yana da 46 bai wuce shekara 14 a gabansa ba, kuma su ne shekarun da manyan yara ke shiga jami'a, 'yan mata ke isa aure, iyaye kuma ke fara buƙatar a zauna kusa da su.

Doka ta ba ni damar zama da mallakar gida a kowace jiha?

Ta ba ka. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kowane ɗan Najeriya yana da 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so a cikin ƙasar, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko mahaifarsa, sashe na 43 kuma ya ba shi damar mallakar fili da gida a ko'ina. Sai dai a aikace akwai takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen ɗaukar aikin gwamnati, da shiga aikin soja ko ɗan sanda, da tallafin karatu. Yaron da Bazazzage ya haifa a Fatakwal ɗan ƙaramar hukumar Zariya ne ko ta Sabon Gari a takarda, ko da bai taɓa ganin Ƙofar Doka ba. Shawarata ita ce a karɓar wa kowane yaro wannan takarda kafin a tashi, tun mai unguwa da dagaci suna ganin fuskar uban kullum.

In kwashi iyalina gaba ɗaya, ko in fara yin gaba ni kaɗai?

Ka fara yin gaba, amma ka yanke wa zaman kaɗaicin wa'adi, kuma ka faɗa wa matarka wa'adin da bakinka. Wata uku zuwa shida sun isa mutum ya san unguwar da ruwa ke ci da wadda ba ya ci, ya san nisan masallaci da kasuwa da makaranta, ya kuma gane ko aikin da ya kai shi mai ɗorewa ne. Inda matsala take shi ne wa'adin da ba a yanke ba. Na san magidanta da suka tafi da niyyar wata shida suka shekara takwas suna zuwa gida Sallah zuwa Sallah, yara suka girma suna ɗaukar uban kamar baƙo mai tsaraba, uwar kuma ta zama ita ce mai tsawatarwa da kai asibiti da amsa kiran shugaban makaranta. Gida biyu kuma tukunya biyu ce, ga kuɗin mota da ya ninka tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Lokacin kwasar iyali mafi sauƙi shi ne dogon hutun ƙarshen shekarar karatu, tsakanin ƙarshen Yuli da farkon Satumba. Game da kaya kuma, na ɗauki darasi da tsada: na yi hayar babbar mota na loda gadaje da kujeru da kabad ɗin jeren maiɗakina, muka isa bayan kwana biyu gilashin kabad ɗin ya zama gari, ƙafar gado ɗaya ta karye, kuɗin motar kuma ya kusa sayen sababbi a can. Katifa da tukwane da tufafi da littattafai sun isa, sauran a kulle su a ɗaki guda.

Ni mata biyu gare ni, kuma gidan da zan iya kamawa a can ba zai ɗauke su duka ba. Yaya zan yi?

Wannan tambaya ce ta malamai kafin ta zama tawa, kuma Zariya ba ta rasa su ba, don haka ka zauna da wanda ka amince da shi kafin ka furta wa kowacce komai. Abin da ya tabbata shi ne Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Ƙaura ta shekaru kuwa ta wuce tafiyar kwanaki, shi ya sa waɗanda na ga sun zauna lafiya su ne waɗanda suka tsara karɓa-karɓa a fili, da wata da rana, a gaban manyan kowane ɓangare. Ɗaukar amarya a bar uwargida da yara da tsohuwa, ba tare da an nemi yardarta ba, shi ne kuskuren da aka fi yi, kuma shi ne wanda ya fi daɗewa bai warke ba.

Mahaifana sun tsufa. In tafi da su, ko in bar su?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma ita ce mutane ke barin ta sai ƙarshe. Ranar da na je wa mahaifiyata da maganar, Allah ya jiƙanta, na same ta a bakin ɗakinta tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na gama bayanina kaf, na ce, "Inna, na samu gida mai ɗaki uku, ɗaya naki ne." Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ka tafi, Allah ya yi maka albarka, amma ni daga ɗakin nan za a ɗauke ni." Na ji zafin maganar a lokacin, daga baya na gane gaskiyarta. Tsohuwar da ta shekara hamsin a unguwa ɗaya, wadda yara ke shigowa gaishe ta da safe, maƙwabta ke aiko mata da koko, ake kiranta wankan jego da rabon faɗa, idan aka kai ta bene hawa na biyu a garin da ba ta jin harshensa, an raba ta da duk abin da ke tayar da ita daga kan gado.

Idan za a bar su, to a bar su da tsari. A san ɗan'uwan da zai riƙa kwana a gidan, a san wanda zai kai su asibiti ranar ganin likita, a ware kuɗin magani daban da kuɗin cefane, kuma a bai wa mai ɗawainiyar haƙƙinsa ba tare da ya roƙa ba, domin wanda ke nesa yana aiko kuɗi yakan sha yabo, wanda ke kusa yana wanke bahaya kuma a manta da shi. Sannan mutum ya shirya wa zuciyarsa abu guda: a Zariya idan aka yi rasuwa da asuba, kafin azahar an kai mamaci makwancinsa. Wanda ke Kano ko Kaduna zai iya samun jana'iza, wanda ke Abuja wataƙila, amma wanda ke Legas ko Fatakwal sai dai ya zo zaman makoki. Ni a waya aka gaya mini, kuma sai washegari da dare na iso.

In sayar da gidana na Zariya in sayi wani a can?

A'a, sai idan babu wata hanya ko kaɗan. Kuɗin gida mai kyau a Tudun Wada ko Gyallesu da ƙyar zai sayi fili a bayan garin Abuja ko Legas, ga shi sayen fili a wurin da ba ka san mutanensa ba sakin reshe ne kama ganye. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, kuma cinikin filin da ke da takardar mallaka bai kammala ba sai da amincewar gwamna, don haka duk wanda ya dage sai ya saya, to ya ɗauki lauya ya bincika a ofishin filaye kafin ya biya ko sisi, kamar AGIS a Abuja. Gidan Zariya kuwa a zuba 'yan haya a sashe ɗaya da yarjejeniya a rubuce, a bar sashe ɗaya don saukar iyali lokacin hutu, a kuma tabbatar takardunsa sun daidaita a KADGIS, ofishin filaye na jihar Kaduna. Gona ma haka: a ba da aro ko haya a gaban shaidu, kada a bar ta hannun "ɗan'uwa zai duba" har iyakarta ta fara matsawa.

Me ya kamata in sani game da kama haya a kudu ko Abuja?

Kuɗin da dillali ya faɗa maka da farko ba shi ne abin da za ka biya ba. Bayan kuɗin shekara akwai la'adar dillali, da kuɗin rubuta yarjejeniya, waɗanda sau da yawa kowannensu kashi 10 cikin 100 ne, sannan akwai kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda dawowarsa sai an yi da gaske. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, amma har yanzu ana samun masu neman shekara biyu. Kada ka biya ta waya kafin ka ga gidan da mai gidan, kada kuma ka yarda da gidan da ka gani da rani kawai. Ni a watan Janairu na kama nawa, tsakar gida a bushe tas, amma a watan Yuni muka wayi gari ruwa ya kai idon sawu a falo, takalman yara na yawo a kai. Da na duba jikin katangar waje tun farko, da na ga layin da ruwan bara ya bari, ƙasa-ƙasa da taga.

Fanshona da inshorar lafiyata za su bi ni?

Fansho zai bi ka idan kana cikin tsarin adashin fansho da aka kafa a 2004 aka gyara a 2014, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin 100, wurin aikinsa kuma aƙalla kashi 10. Asusun naka ne da lambarka, don haka ka miƙa wa sabon wurin aiki lambar da kake da ita, kada ka buɗe wani. Tun watan Nuwamban 2020 ana iya sauya kamfanin da ke kula da asusun sau ɗaya a shekara. Wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire har kashi 25 cikin 100, amma ban ga hikimar taɓa wannan kuɗi don biyan haya a baƙon gari ba.

Inshorar lafiya ta tarayya, wadda ke ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, tana buƙatar a nemi canjin asibiti zuwa sabon garin, kuma a yi hakan kafin ciwo ya zo. Mai hawan jini ko ciwon suga, waɗanda a wannan shekaru suka yi yawa a cikinmu, ya karɓi taƙaitaccen rahoto daga likitansa ya tafi da maganin wata biyu. Ma'aikacin tarayya da aka canja wa wuri yana da haƙƙin alawus na kwana 28 na farko, sai dai kada ya ɗora kama gida a kansa, domin nawa sai da na kusa shekara kafin ya fito.

Karatun yara fa?

'Yan firamare ba su da matsala, cikin zango ɗaya za su saje har su fi iyayensu jin harshen garin. Wanda ake jin tsoro shi ne ɗan aji biyar ko shida na sakandare, saboda rajistar WAEC da NECO tana tafiya ne da makin da makaranta ta tara masa tun daga aji huɗu, kuma makarantu da yawa ba sa karɓar ɗalibi a ajin ƙarshe. Irin wannan gara a bar shi wurin kawu ko gwaggo ya ƙarasa. A Legas dokar 2018 ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, abin da ni nake gani riba ce ga yaro. Wajen shiga jami'ar tarayya kuma ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, don haka ɗan Zariya ya fi samun sauƙi a Jami'ar Ahmadu Bello ko da a kudu ya yi sakandare. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne Islamiyya, domin irin wadda ake samu a kowane lungu na Zariya da ɗan kuɗi kaɗan, a can sai da na ɗauki malami yana zuwa gida sau uku a mako.

Ni ɗan kasuwa ne, ba ma'aikaci ba. Ta ina zan fara?

Ta wurin mutanenka da suka riga ka. Kusan kowane babban gari a kudu yana da unguwar Hausawa da Sarkin Hausawa: Sabo a Ibadan, wadda aka kafa tun 1916, Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Legas, Bogobiri a Kalaba, Ama Hausa a Owerri. Ka je ka gabatar da kanka, ka yi rajista da ƙungiyar kasuwar da za ka shiga, ka kuma fara da kashi ɗaya cikin uku na jarinka har ka gane yadda ake bashi da biya a wurin. Dokokin gari ma suna iya rushe sana'a cikin dare ɗaya, kamar yadda hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin Legas a watan Yunin 2022 ya mayar da mutane da yawa gida. Rikicin kasuwar Mile 12 a 2016 da na kasuwar Sasa a Ibadan a 2021 kuma sun nuna cewa bai kamata dukan dukiyar mutum ta kwana a rumfa ɗaya ba. Da wannan duka, maƙwabcin da ya fi taimakona a Fatakwal ba Bahaushe ba ne kuma ba Musulmi ba ne, shi ya kai ɗana asibiti ranar da ba na gari, don haka kada mutum ya kulle kansa a cikin 'yan'uwansa kaɗai.

Komawa Abuja ma ƙaura ce, alhali ga ta nan kusa?

Ƙaura ce, sai dai mai sauƙi. Zazzagawa sun daɗe da sanin wannan hanya, domin bayan jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau kudu ya nufa da jama'arsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda daga baya ya bar wa babban birnin tarayya sunan ya koma Suleja. Yau da yawa suna aiki a Abuja iyali na Zariya, suna bin jirgin ƙasa daga tashar Rigasa ta Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016, ko su bi mota ranar Juma'a su koma Lahadi. Mai matsakaicin albashi ya sani cewa a Kubwa ko Zuba ko Suleja ko Mararaba zai zauna, kuma cunkoson safiya zai ci masa awanni. Harajin albashi jihar da mutum ke zaune ake biya wa, saboda haka mazaunin Mararaba na jihar Nasarawa ne a wannan fanni.

Waɗanne takardu zan canja?

Katin zaɓe, ta hanyar neman INEC ta mayar da rajistarka sabuwar rumfa lokacin da aka buɗe rajista, da adireshin da ke kan lambar NIN, da wanda ke banki. Lasisin tuƙi yana aiki a duk faɗin ƙasa.

Jiki yana sabawa da yanayi da abincin can?

Yana sabawa, amma a hankali. Wanda ya tashi da sanyin hunturun Samaru da busasshiyar iska zai sha mamakin garin da ruwa ke sauka mafi yawan watannin shekara, gumi kuma ba ya bushewa. Shaddodin da na jera a akwati fumfuna ta ci su cikin damina ɗaya, buhun masarar da na kai don tuwo ya yi ƙwari kafin mu ci rabi. Daga nan muka koma karɓar kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kaɗan-kaɗan ta hannun direbobin da ke kai kayan gwari. Zazzaɓin cizon sauro kuma babu rani babu damina, gidan sauro dole ne. Maiɗakina ta fi ni shan wahalar shekarar farko, domin ni ina fita aiki in ga mutane, ita kuwa ta bar gidan biki da adashi da 'yan'uwa ta koma kallon bango, sai da ta samu makarantar matan aure ta ranar Asabar sannan fuskarta ta dawo.

Idan na yi niyyar dawowa bayan ritaya, me zan fara tun yanzu?

Ka riƙa zuwa, kuma ka riƙa kawo yara. Zumunta a ƙafa take, kuma gudummawar da aka turo ta waya ba ta zama a madadin fuskar da aka gani a wurin gaisuwa. Autana da muka tafi da shi yana da shekara uku ya dawo yana jin turancin buroka fiye da Hausa, ya miƙa wa kawuna hannu a tsaye, sai da na bi gida-gida ina ba da haƙuri ina koya masa durƙuso. Majalisar da nake zama da yamma na tarar mutum uku sun rasu, wasu matasa da ban sani ba sun gaje benci. Ka fara gyaran gida da tanadin abin da za ka riƙa yi shekara biyu kafin ranar, kuma idan ɗan hayarka na shekara-shekara ne, ka ba shi sanarwar wata shida a rubuce. Ni ban yi hakan ba, saboda haka na dawo garinmu da iyalina muka yi wata huɗu a ɗaki biyu a gidan ƙanina, kayanmu na jibge a zaure an rufe su da tamfol.